Da littafi za a fara ko da faifai? Muhawara kan manyan mawaƙan duniya

Ɗalibin Kiɗa:
Assalamu alaikum jama'ar zaure. Shawarar manya nake nema. Ina so in san mawaƙan da suka sauya yadda ake kiɗa a ƙarni na 20, sani na gaske, wanda ya wuce waƙa ɗaya ko biyu da ke bakin kowa. Roƙona shi ne ga kowane mawaƙi a ba ni littafi ɗaya da kundin waƙoƙi ɗaya, in riƙa karatu ina saurare. Ba na zaɓen ƙasa ko harshe. Bob Marley da Fela ne a gabana yanzu, amma duk wanda kuka ga ya isa, ku kawo shi.

Malam Mai Faifai:
Wa alaikumus salam. Ɗana, ka zo da tambaya mai kyau, kuma tun da ka ambaci Marley bari in fara da gargaɗi: kada ka fara da Legend. Na san shi ne a hannun kowa, shi ne kuma ya fi duk faifansa kasuwa. Amma a 1984 aka haɗa shi, shekara uku bayan rasuwar mai waƙar, kuma kamfani ne ya zauna ya tsince abin da yake ganin zai shiga kunnen masu saye ba tare da ya tayar musu da hankali ba. Duba jerin waƙoƙin da kanka. Babu ko ɗaya daga Survival na 1979, kundin da aka jera tutocin ƙasashen Afirka da zanen jirgin bayi a bangonsa, wanda a cikinsa ne waƙar Zimbabwe take. Wanda ya tsaya a Legend zai ɗauka mutumin mawaƙin soyayya da kwantar da hankali ne kawai.

Ka fara da Exodus na 1977, amma ka san halin da aka yi shi. Ranar 3 ga Disamba 1976 'yan bindiga suka shiga gidansa a Kingston suka harbe shi, shi da matarsa Rita da manajansa. Bayan kwana biyu ya hau dandamali da rauninsa ya yi wasa, daga nan ya bar Jamaika, a Landan ya naɗi kundin. Fuskar farko ta faifan duk gargaɗi ne da addini da ƙorafi a kan masu mulki, fuska ta biyu kuma ƙauna da murna. Mutum ɗaya ne, a watanni ɗaya, yake ɗauke da duka biyun. In ka gama shi ka wuce Survival.

Gimbiyar Zaure:
Malam, da girmamawa, ban yarda a hana yaro Legend ba. Mutane nawa ne a duniya suka san Marley ta wata ƙofa in ba ita ba? Kuma ba a cire masa haƙora gaba ɗaya ba, ai Get Up, Stand Up na ciki, Redemption Song ma na ciki. Waƙoƙi biyar daga Exodus ɗin da kake yabo suna ciki. Wanda bai saba da rege ba in ka ɗora masa Survival a ranar farko yana iya gajiya ya tafi, bai ƙara dawowa ba.

Malam Mai Faifai:
Gimbiya, ai ya riga ya shigo ƙofar, shi ya sa yake tambaya. Waƙoƙi biyar ɗin da kika ƙirga, huɗu daga cikinsu daga fuska ta biyu aka ɗebo su. Kin ga inda hannun mai tsinta ya karkata. Jerin da mawaƙi ya yi wa waƙoƙinsa magana ce yake yi da kai. In wani ya wargaza jerin ya sake shiryawa, maganar ta zama tasa.

Hajiya Mai Karatu:
Ku bar ni in shiga ta ɓangaren littafi. Biyu ne za a fi kawo maka, ɗana. Na farko Catch a Fire na Timothy White, ya fito a 1983. Yana da daɗin karatu ƙwarai, ya zana ƙauyen da Marley ya tashi da unguwar Trench Town har ka ji kamar kana gani. Matsalata da shi ita ce ya rubuta shi da salon ƙagaggen labari, yana shiga zuciyar mutane yana gaya maka abin da suke tunani, yana kawo hirarrakin da ba ya wurin aka yi su. Sai ka rasa inda shaida ta tsaya, inda alƙalami ya ci gaba shi kaɗai.

Na biyu shi nake ba ka: So Much Things to Say na Roger Steffens, 2017. Shi wannan shekaru masu yawa ya yi yana hira da waɗanda suka zauna da Marley, abokan waƙarsa na farko irin su Bunny Wailer da Peter Tosh, da makaɗa, da mata, da ma'aikata. Ya jera maganganunsu kamar yadda suka faɗa. Inda biyu suka saɓa, ya bar saɓanin a fili, kai mai karatu ka auna. Za ka ga akwai masu jin an danne musu haƙƙi a kan kuɗi da kuma sunan wanda ya rubuta waƙa, kuma ba a rufe musu baki ba.

Wani abu kuma da karatu zai buɗe maka kunne a kai: kundin Catch a Fire na 1973, wanda White ya ari sunansa. A Jamaika aka naɗe shi, amma da aka kai shi Landan sai Chris Blackwell na kamfanin Island ya sa aka ƙara jita da piyanon lantarki na wasu makaɗa Amurkawa don ya shiga kunnen masu sauraron rok. A 2001 an sake fitar da shi da duka biyun, na asali da wanda aka yi wa ƙari. Saurari ɗaya bayan ɗaya. Darasin da za ka samu a awa ɗaya da rabi ɗin nan ya fi babi uku.

Ɗan Ganga:
Hajiya ta taɓo inda yake yi mini ƙaiƙayi. Ni makaɗi ne, kuma abin da ke ɓata mini rai da yawancin littattafan nan shi ne a rubuta shafi ɗari huɗu a kan mai riƙe da makirufo, waɗanda suke bayansa kuwa a ba su layi biyu. Abin da kunnenka ke ji ya ce maka "wannan Marley ne" tun kafin ya buɗe baki, 'yan'uwa biyu ne suke yin sa: Aston Barrett a jitar bes, da ƙanensa Carlton a ganga. In za ka saurari Exodus, ka ware saurare ɗaya ka bi bes kaɗai daga farko har ƙarshe, ka lura da wuraren da yake yin shiru.

A kan Fela kuwa, ni littafin da zan miƙa maka ba ma na Fela ba ne. Tarihin Tony Allen ne, wanda ya ba da da bakinsa, Michael Veal ya rubuta, ya fito a 2013. Allen ne ya riƙe wa Fela ganga tun daga 1964, lokacin suna haɗa hailaif da jaz, har zuwa ƙarshen shekarun 1970. Yadda ya bayyana, Fela kan tsara wa kowane makaɗi abin da zai buga, amma ganga shi ake bar wa ya ƙirƙiro. Ya yi bayanin yadda yake raba wa hannuwa biyu da ƙafafu biyu aiki huɗu daban, da yadda ya koyi amfani da farantan ƙarfen nan na ƙafar hagu daga sauraron makaɗan jaz irin su Art Blakey da Max Roach. Ya kuma faɗi abin da ya raba su, batun kuɗi da haƙƙi, da tarin 'yan rakiya da suka fi makaɗa yawa. Bayan wasan Berlin na 1978 ƙungiyar ta watse. Allen ya rasu a Faris a 2020. Da zarar ka karanta shi ba za ka ƙara jin Afrobeat, salon kiɗan Fela, kamar da ba.

Baƙon Zaure:
Ɗan Ganga, ka kai yaro ƙarshen hanya tun bai ga farkonta ba. Littafin Allen na wanda ya riga ya san Fela ne. Mafari shi ne na Carlos Moore, 1982. Moore ɗan asalin Kuba ne, ya zauna da Fela ya naɗi maganarsa, ya rubuta ta da muryar Fela ɗin, da zafinta da ashariyarta. A nan za ka ji daga bakinsa yadda ya je Landan karatun kiɗa a 1958, da yadda tafiyarsa Amurka a 1969 ta juya masa tunani bayan ya haɗu da Sandra Smith a Los Angeles ta sa shi karanta tarihin Malcolm X. Akwai kuma hira da matansa ɗaya bayan ɗaya, abin da ba kasafai ake samu ba. Harin da sojoji suka kai gidansa na Kalakuta a Fabrairu 1977, inda aka jeho mahaifiyarsa Funmilayo daga bene ta rasu a shekarar da ta biyo, babu wanda zai ba ka shi kamar wanda aka doka a ranar.

Hajiya Mai Karatu:
Gaskiya ne, amma a sani cewa Fela ne yake ba da labarin Fela. Kuma littafin ya tsaya a farkon shekarun 1980, mutumin kuwa sai 1997 ya rasu. Ɗaurin da aka yi masa a 1984, da shekarunsa na baya tare da ƙungiyarsa Egypt 80, da yadda kiɗansa ya ƙara tsawo da nauyi a ƙarshe, duk ba su ciki. Wanda ya haɗa duka shi ne na Michael Veal, Fela: The Life and Times of an African Musical Icon, 2000. Veal malamin jami'a ne kuma makaɗi, saboda haka in ya zo kan waƙa yakan tsaya ya warware ta, ga abin da jita ke yi, ga inda ƙahonni ke shigowa. Bai kuma kau da kai daga ra'ayoyin Fela a kan mata ba. Yana da nauyin karatu, ban ɓoye maka ba. In ɗaya za ka ɗauka, shi ne.

Baƙon Zaure:
In ɗaya ne, ni dai Moore. Veal zai sa ka fahimta, Moore zai sa ka ji a jikinka. Ɗalibi ya zaɓa.

Ɗalibin Kiɗa:
Na gode Hajiya, na gode Baƙo. Zan nemi duka biyun in Allah ya yarda. To kundin fa? Na ga faifansa suna da yawa ƙwarai, kuma wasu waƙa biyu ce kawai a ciki.

Ɗan Ganga:
Haka yake yi, waƙa ɗaya a kowace fuska, minti goma sha wani abu. Kada tsawon ya tsorata ka, kuma don Allah kada ka nemi waɗanda aka gutsure don rediyo. Ginin waƙar ne abin ji. Ganga da bes su fara, jita ta hau, ƙahonni su shigo, a yi ta juyawa har jikinka ya saba, sai can wajen rabi ya buɗe baki, 'yan amshi su karɓa. In an yanke farkon, maganar tana zuwa maka ba ka shirya ba. Ɗauki Zombie, tun da ita ce ta tunzura sojoji har aka kai ga harin da Baƙo ya ambata. Bayanta Sorrow Tears and Blood na 1977. Amma in aikin Tony Allen kake son ji a fili, koma baya zuwa Gentleman na 1973 da Expensive Shit na 1975.

Yaya Babba:
Ina bin ku tun ɗazu, kuma akwai abin da ke damuna. Yaro ya ce kiɗa yake son sani, ku kuna tura shi littattafan da ke cike da shaye-shaye da neman mata da rigimar kuɗi. Mutanen nan sun mutu. Mene ne amfanin tona musu asiri? A saurari abin kirkin da suka bari, a bar sauran tsakaninsu da Mahaliccinsu. Ni ban ga abin da sanin aibun mutum zai ƙara wa waƙarsa ba.

Hajiya Mai Karatu:
Yaya, maganarka tana da nauyi, kuma akwai littattafan da ta hau kansu daidai, waɗanda aka rubuta don gulma kawai, marubucin ko waƙa ɗaya bai iya yi wa bayani ba. Waɗannan ko kyauta aka ba ni ba na so. Amma bari in kawo maka misalin da ya sa ba na iya tsayawa inda ka tsaya.

Aretha Franklin ta ɗauki David Ritz ya taya ta rubuta tarihinta, ya fito a 1999 da sunan From These Roots. Duk abin da ya yi mata ciwo a rayuwa ta tsallake shi ko ta shafa masa mai. Rabuwar iyayenta, rasuwar mahaifiyarta tana yarinya, haihuwar da ta yi da ƙuruciya, wahalar aurenta na farko, duk a gurguje. Shekara goma sha biyar bayan nan, a 2014, Ritz ɗin ya fitar da nasa, Respect, da shaidar 'yan'uwanta da waɗanda suka yi aiki da ita. Ta fito ta ƙaryata shi, ranta ya ɓaci sosai, kuma ina ganin tana da haƙƙin ɓacin ran. To amma ni mai saurare, na farkon bai gaya mini daga ina muryar nan ta samo abin da ke cikinta ba. Na biyun ya gaya mini. Bayan na karanta shi na koma kan I Never Loved a Man the Way I Love You na 1967, sai na ji mace ce take faɗin abin da take ciki. Da ina jin gwaninta ce kawai.

Kuma littafin bai tsaya kan rauni ba. Ya nuna shekarun da ta yi a kamfanin Columbia ana gwada ta a kiɗa iri-iri ba ta samu karɓuwar da ta dace ba, har ta koma Atlantic, mai shirya faifai Jerry Wexler ya zaunar da ita a gaban piyano ya sa makaɗa su bi hannunta. Wannan ilimin kiɗa ne tsantsa. Ɗalibi, ka haɗa da Amazing Grace, wanda ta naɗa a wata majami'a a Los Angeles a Janairu 1972. Nan ne tushenta, 'yar mai wa'azi ce.

Yaya Babba:
Na ji, Hajiya. Amma kin faɗa da bakinki, mai rayuwar ba ta yarda ba, kuma tana raye aka yi mata. Wanda ta amince wa ta shigar da shi gidanta ne ya juya ya rubuta. Wannan bai kwanta mini ba, ko da littafin ya yi kyau.

Hajiya Mai Karatu:
Ni ma wannan gefen bai kwanta mini ba, Yaya. Ina karanta shi da wannan nauyin a raina.

Malam Mai Faifai:
Akwai hanya ta uku da za ta raba ku, littattafan da aikin suka sa a gaba. Ashley Kahn ya rubuta littafi guda a 2000 a kan faifai ɗaya tak, Kind of Blue na makaɗin jaz Miles Davis. Zama biyu aka yi a sutudiyo a New York, 2 ga Maris da 22 ga Afrilu 1959. Kahn ya saurari kaset ɗin asali, har da wuraren da aka fara aka tsaya, ya nuna yadda Miles ya zo wa makaɗa irin su John Coltrane da Bill Evans da ɗan taƙaitaccen tsari ya bar su su cike sauran a take. Ba ruwansa da ɗakin kwanan kowa. Haka Ian MacDonald ya yi wa Beatles a Revolution in the Head, 1994. Ya bi waƙoƙinsu ɗaya bayan ɗaya bisa jerin da aka naɗe su, wa ya buga me, me aka gwada sabo, wacce ta yi kyau, wacce ba ta yi ba, kuma ba ya jin nauyin cewa wata ba ta yi ba. Irin wannan littafin ba a karanta shi a tafi ɗaya. Shafi ɗaya, waƙa ɗaya, ka ajiye.

Gimbiyar Zaure:
Malam, na dawo kan maganarmu ta farko, don ban haƙura ba. Ƙa'idarka ta cewa a guji tsintattun waƙoƙi tana aiki ne ga mawaƙan da suka yi tunani da kundi. Mafi yawan manyan duniya ba haka suka yi aiki ba. Ɗauki Franco na Kwango. Ya kafa OK Jazz da abokansa a 1956, ya riƙe ta har rasuwarsa a 1989, kuma shekaru da yawa a ƙananan faifai masu waƙa ɗaya a kowace fuska kiɗansa yake fita. Wane kundi za ka ce shi ne Franco? Babu. Abin da zan ba Ɗalibi shi ne Francophonic, kashi biyu da kamfanin Sterns ya fitar a 2008 da 2009, an jera waƙoƙin bisa shekaru da bayani mai kyau a ciki. Kana ji da kunnenka yadda suka fara da kwaikwayon kiɗan Kuba a waƙoƙin minti uku, har suka kai ga dogayen waƙoƙin da jitoci uku ke saƙa da juna, har zuwa Mario ta 1985. Littafi kuma, Congo Colossus na Graeme Ewens, 1994, in Franco kaɗai kake so. In kana son duka dangin, da Kabasele da Dokta Nico da Tabu Ley da yadda siyasar Mobutu ta shiga cikin harkar, to Rumba on the River na Gary Stewart, 2000.

James Brown ma haka ne. Ƙarfinsa a ƙananan faifai yake. Star Time na 1991, faifai huɗu, shi ne zai nuna maka yadda ya tashi daga waƙar roƙo da kuka zuwa fonk, inda kowane kayan kiɗa ya koma ganga.

Malam Mai Faifai:
A kan Franco kin yi gaskiya, na sallama. Bambancin shi ne wanda ya haɗa Francophonic tarihi yake son nunawa, shi ya sa ya bi shekaru. A kan Marley ina nan inda nake. James Brown kuwa yana da kundi ɗaya da ba a tsallakewa, Live at the Apollo. A daren 24 ga Oktoba 1962 aka naɗe shi a Harlem, da kuɗin aljihunsa, saboda mai kamfaninsa Syd Nathan ya ƙi yarda cewa faifan wasan dandamali zai sayu. Kusan rabin awa ne kawai. Ihun jama'a a ciki wani ɓangare ne na kiɗan. Littafinsa The One na RJ Smith, 2012.

Ɗan Ganga:
Kuma a littafin Smith an ba makaɗa haƙƙinsu, masu ganga Clyde Stubblefield da Jabo Starks, har da tarar da Brown yake cin su in sun kuskure bugu. Ɗalibi, ka lura da wannan: a 1970 Brown ya zo Legas, makaɗansa har da Bootsy Collins suka je kallon Fela. Saurari su biyun a mako ɗaya ka ji inda suka haɗu da inda suka rabu.

Uwar Ɗaki:
Duk kun yi yamma kun bar gabas. Ɗana, in ana maganar mawaƙin da ya riƙe al'umma gaba ɗaya, ban san wanda ya kai Ummu Kulsum ta Masar ba. Shekaru da dama, daren Alhamis ta farkon wata a lokacin wasanninta, rediyon Alƙahira yana watsa ta kai tsaye, ƙasashen Larabawa su yi tsit. Da ta rasu a Fabrairu 1975 titunan Alƙahira sun cika maƙil da masu rakiyar gawarta.

Littafin shi ne The Voice of Egypt na Virginia Danielson, 1997. Abin da na fi so a cikinsa shi ne bai ɗauke ta a matsayin baiwa da ta faɗo daga sama ba. Ya nuna 'yar limamin ƙauye ce da ta fara da karatun Alƙur'ani da waƙoƙin yabo, mahaifinta yana sa mata kayan maza in za su fita wasa, kuma daga wannan tarbiyyar ta samo fitar da harafi da ya sa ko baiti mai wuyar Larabci ta rera kowa yana ji. Ya nuna yadda take zaɓen marubuta da masu tsara kiɗa, tana sa a gyara baiti, tana cinikin kwantiraginta da kanta, har ta shugabanci ƙungiyar mawaƙa. Mace ce da ta san abin da take yi a kowane mataki.

Batun kundi kuwa, a nan maganar Gimbiya ta ƙara ƙarfi, don waƙa ɗaya ita ce kundin. Nemi Al-Atlal ta 1966, baitocin Ibrahim Naji, kiɗan Riyad al-Sunbati, ko Inta Umri ta 1964, haɗuwarta ta farko da Muhammad Abdul Wahab. Ka tabbata na gaban jama'a ka samu. Za ka ji ta maimaita layi ɗaya sau da yawa, kowane da sabon lanƙwasa, jama'a na ihu suna roƙon ta sake. Ka ware awa guda, kada ka haɗa da wani aiki.

Ɗan Ganga:
Uwar Ɗaki, wannan siffar ta kawo mu kan Shata. Shi ma ba mutumin kundi ba ne, kuma waƙa ɗaya in ka same ta a naɗi biyu ba za su zo daidai ba, don a take yake ɗinka ta bisa wurin da mutanen da ke gabansa. Bakandamiya kaɗai ta ishe ka misali, nemi naɗi daban-daban ka jera su. Littafi akwai shi da Hausa, Shata Ikon Allah, wanda Ibrahim Sheme da abokan aikinsa suka fitar a 2006, shekara bakwai bayan rasuwarsa a 1999. Tun a 1975 ma Ɗandatti Abdulƙadir ya yi digirinsa na uku a kansa a Jami'ar Indiana ta Amurka. In kana saurare ka ba masu kalangu kunne ɗaya, ka ji yadda suke buɗe masa fili in zai saki magana, su rufe in ya gama.

Gimbiyar Zaure:
Kafin a tashi, Miriam Makeba. Makeba: My Story, da bakinta, James Hall ya rubuta. An soke mata fasfo a 1960 lokacin da take son komawa Afirka ta Kudu jana'izar mahaifiyarta, ta yi jawabi a Majalisar Ɗinkin Duniya a 1963, aurenta da Stokely Carmichael, ɗan gwagwarmayar 'yancin baƙar fata, a 1968 ya rufe mata ƙofofi a Amurka ta koma Gini, sai 1990 ta taka ƙasarta. Kowa Pata Pata ya sani. Ni Sangoma na 1988 nake ba ka, waƙoƙin da ta koya a wurin mahaifiyarta, kusan murya ce zalla da ɗan kiɗa kaɗan.

Ɗalibin Kiɗa:
Allah ya saka da alheri, iyayena da yayyena. Na rubuta duka. Zan fara da Exodus da littafin Steffens, sannan Fela. Tambaya ɗaya ta rage: in fara karantawa ne, ko in fara saurare?

Malam Mai Faifai:
Saurara tukuna, sau biyu ko uku, ba tare da ka san komai ba, ka rubuta abin da kunnenka ya kama ko layi uku ne. Sannan ka karanta babin da ya shafi shekarar da aka yi faifan, ka dawo ka sake ji, ka gwada da abin da ka rubuta.

Hajiya Mai Karatu:
A littafin Steffens, babukan harbin 1976 da zaman Landan su ne na Exodus. Amma kada ka tsallake na farko-farko a kan zamaninsu da masu shirya faifai na Jamaika, Coxsone Dodd da Lee Perry, don rigingimun da za ka tarar a gaba daga can suka samo asali. In ka kai wurin Perry ka nemi Soul Rebels na 1970 ka ji su ukun, Bob da Peter da Bunny, kafin Island ta shigo.